Sawun da Aka Mayar

Ihun Tela ne ya tashe mu ranar nan. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan hayar da yake zaune, don haka duk abin da ya faɗi a tsakar gidansu a kunnena yake faɗuwa.

"Kekena! Jama'a an ɗauke min keke!"

Keken ɗinkinsa yake nufi, baƙi ɗan na hannu, wanda kullum yake kwana a baranda an lulluɓe shi da tsumma.

Na juya na dubi mijina, sai na ga bakinsa har kunne. Mutumin nan ƙuruciyarsa duka a gandun daji ya ƙarar da ita, yana bin sawun ɓarayin shanu da masu farauta ba izini. Tun da ya yi ritaya kuwa, babban aikin da ya samu shi ne gano kazar da ta canja wurin kwana. Unguwa na kiransa Baba Mai Sawu, ni ina ce masa Malam. Ban taɓa ganin wanda labarin sata ya faranta wa rai irinsa ba.

"Malam, ka rage murmushin nan, jaje za mu je."

"Wa ya yi murmushi? Miƙo min sandata."

Ya ɗauki sanda, ya karkata hula, ya bar tabaraunsa a kan tebur da gangan, don ba ya son a gan shi da shi a bainar jama'a. Ni kuwa na jefa shi a jakata na bi bayansa. Ba na bari a yi irin wannan kallo babu ni.

*

Abin mamaki, mun tarar da tsakar gidan fes, mutane duk sun manne a jikin bango ba wanda ya taka tsakiya. Kowa ya san halin Malam. Ya taɓa yi wa wata mata faɗan da sai da ta yi kuka don ta share ƙofar gidanta bayan an sace mata bokiti.

A kan rairayin ga sawun takalmi nan raɗau, manya, daga wata ƙofa zuwa barandar Tela, sannan suka koma inda suka fito.

Malam ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai.

"Kai, wannan sawu ya yi kyau. Namiji ne, dogo, dugadugin hagunsa ya cinye ta waje." Ya ɗaga sanda. "A kawo min kwanoni a kife a kan guda-guda, kada iska ta taɓa su."

Matar Tela ce ta kawo kwanonin. Na lura ta ƙi haɗa ido da Malam, amma na ɗauka tashin hankalin keken ne, tunda da shi suke ci.

Sai aka shiga tambayar shaidu. Na farko Mai Shayi, wanda yake shigowa gidan da sassafe ɗiban ruwa a famfo, ɗan guntun mutum mai baki kamar rediyo.

"Baba, ni mutum ban gani ba, gaskiya. Amma sawu na gan shi tun gari bai gama wayewa ba. Manya-manya haka."

"Ta ina ya bi?"

"Ta... to, ga shi nan ai kana gani."

Sai Nas, wadda ta fito da farin kayanta tana duba agogo. Ta ce tana shirin aiki ta hangi wani abu ta labule.

"Kamar mutum ne da kaya a kai. Gajere dai. Ban kula ba, na ɗauka mai kawo gawayi ne."

"Gajere?" Malam ya yi 'yar dariya. "'Yata, labule na rage wa mutum tsawo. Sawu ya ce dogo ne."

Alhaji mai gidan ya ce shi bai ga kowa ba, amma ya ji motsi, wataƙila kuma kyanwa ce. Tela kuwa ya lissafa mutanen da yake zargi, sai ya zamana duk waɗanda ya riƙe wa ɗinki ne, wato kusan rabin unguwa, har da ni. Atamfata ta kusa shekara a wurinsa.

Na tambaya ko an ji ta bakin Iya, mahaifiyar Tela, wadda ɗakinta ke can ƙuryar gidan bayan tankin ruwa. Gaba ɗaya suka yi min ca.

"Rufa mana asiri, Gwaggo!" in ji Tela. "Hawan jini gare ta. Ba a faɗa mata komai a gidan nan. Ko ihun da na yi ɗazu, da ta leƙo cewa na yi kunama na gani."

*

Sawun ya tsaya cak a ƙofar Mai Aski, sabon ɗan haya. Bai daɗe da tarewa ba, saurayi ne dogo marar magana, yana da ɗan shago a bakin titi. Takalmansa na ajiye a bakin ƙofa. Malam ya ɗaga na hagu ya juya shi, dugadugin ya cinye ta waje.

Tsakar gida ta ɗauki salati.

Mai Aski ya fito da buroshin haƙori a hannu yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Aka bincike ɗakinsa, wato Malam ya shiga shi kaɗai ya leƙa ƙarƙashin gado, bai ga keke ba.

"Baba, wallahi ban fito ba sai yanzu," in ji shi. "Takalman nan a nan suke kwana."

"Za mu gani. Saka su."

A nan ne Malam ya yi abin da ya fi so a duniya, wato kwaikwayon yadda laifi ya faru. Ya sa yaron mutane ya bi gefen sawun har baranda, ya ɗora masa bulo a kafaɗa a matsayin keke, ya ce ya dawo yana sanɗa. Bulon da nauyi, ga ƙura, Mai Aski ya yi tari a tsakiyar hanya. Malam ya ce bai yi daidai ba, a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, jama'a na kallo har da masu leƙe ta saman katanga.

Kafin a gama, Nas ta dafe ƙirji.

"Shi ne! Haka na gan shi, da kayan a kafaɗa, yana sanɗa!"

"Tarin nan ma na ji shi," in ji Alhaji. "Shi ne ya tashe ni. Na ce wannan tari ba na kyanwa ba ne."

Mai Shayi ya ce in an bi ta tasa ma, kamar ya ga bayan rigar yana shigewa ɗaki. Wata mata da ba a gidan take kwana ba ta ce ita ma ta gani.

Alhaji ya gyara tsayuwa. "Ba na son 'yan sanda a gidana. Ka fito da keke, ko kada ka fito da shi, kafin rana ta faɗi ka kwashe kayanka."

Mai Aski ya sauke bulon a hankali. "Alhaji, ranar Asabar matata za ta zo da jaririnmu. Sai da na sha wuya kafin na samu ɗakin nan. Ina zan ce mata ta sauka?"

Tausayinsa ya kama ni sosai, har na ji haushin mijina, wanda ke tsaye yana karɓar sannu da aiki kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

*

Da rana na zuba wa Malam abinci, sai juya cokali yake. Na san shi. In yana da gaskiya cinye kwano yake tas ya nemi ƙari.

"Malam, in tambaye ka mana. Da safe Nas cewa ta yi gajere, da kaya a kai. Bayan wasan kwaikwayonka ta ce dogo, da kaya a kafaɗa. Wanne ta gani?"

"Tunawa ta yi."

"Alhaji da safe kyanwa ya ji. Yaushe kyanwar ta koma tari?"

"Ke dai kin cika magana."

"Ni dai abin da na gani, ba ɓarawo suka tuna ba. Abin da ka nuna musu suka tuna. Da ni ka ɗora wa bulon nan, da yanzu ina ɗaure kayana."

Ya ajiye cokalin. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni yake ba.

"Sawun ne ya dame ni. Wanda ya ɗauki kaya mai nauyi, ƙafarsa nutsewa take, takunsa ya gajarta. Wannan kuwa tafiya da dawowa duk ɗaya ne. Na gani tun da safe, na kau da kai, don ya yi min kyau."

Na buɗe jaka na ajiye masa tabaraunsa kusa da kwanon. Ya harare ni, na harare shi. Ya ɗauka ya saka.

*

Da muka koma, kayan Mai Aski rabi na waje: katifa a naɗe, tukwane a cikin bokiti, da ɗan gadon jariri sabo fil da ko ledarsa ba a cire ba. Malam ya wuce kai tsaye wurin kwanonin. Ya durƙusa ya ɗaga kwano ɗaya, ya kai hancinsa kusa da ƙasa. Ya ɗaga na biyu. Sai na ga kunnuwansa sun motsa, alamar kunya ke nan a wurinsa.

"A tara min kowa," ya ce.

Aka taru a inuwar baranda, Alhaji a kan kujera, sauran a tsaye. Mai Aski ya zauna a kan katifarsa can gefe.

"Ku matso ku duba. Waɗannan layukan sirara da ke cikin rairayi, na mene ne?"

"Tsintsiya," in ji Nas.

"Madalla. To sawun a ƙarƙashin tsintsiyar yake ko a kanta?"

Aka sunkuya. Alhaji ma sai da ya taso.

"A kanta yake."

"Wato sai da aka yi shara sannan aka taka. Ni dai a tsawon aikina ban taɓa gamuwa da ɓarawon da ya jira aka share gida, gari ya waye, sannan ya yi sata da tsakar gida cike da mutane ba. Wa ya yi shara yau?"

Matar Tela ta fashe da kuka tun bai rufe baki ba.

"Baba, ka yafe ni! Wallahi ban san an yi sata ba, na share kamar kullum. Da aka ce za a kira ka, sai na tuna halinka. Na ce yau na shiga uku, yadda ka yi wa mai bokitin nan haka za ka yi min. Sai Mai Shayi ya ce kada in damu, shi ya ga sawun kafin in share, zai iya mayar da shi yadda yake."

Duk idanu suka koma kan Mai Shayi. Ya sosa ƙeya.

"To, Baba, taimako ne. Mun ga kada ka zo ka tarar ba abin bi, ranka ya ɓaci. Manyan sawu na gani, na duba gidan nan kaf, takalmin da ya kai girman sai na bawan Allahn nan. Na zura na je baranda na dawo."

"Ka dawo ina?"

"Inda na ɗauko su mana. Ai ba zan tafi da takalmin mutane ba, ni ba ɓarawo ba ne."

Nas ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai Tela, sai masu leƙen katanga. Ni har sai da na riƙe ginshiƙi. Alhaji ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Kai kuma da aka kama Mai Aski ka yi shiru?" na tambayi Mai Shayi.

"Gwaggo, da na ga yana tafiya da bulon nan, wallahi sai na ga ai shi ɗin ne. Na ce ashe ma daidai na mayar."

"Ni fa har yanzu ina ganinsa a idona," in ji Nas, dariyarta ta tsaya. "Da rigar nan, da komai. Kuma da an kai ni kotu rantsuwa zan yi." Ta dubi Mai Aski ta sunkuyar da kai.

Tela ya ɗaga hannu. "Duk na ji. To ina kekena?"

Malam ya tambaye shi yaushe ya zuba wa keken mai. Ya ce jiya da yamma, kuma matarsa ta ƙara da cewa in yana zuba mai kamar miya yake yi. Malam ya koma bakin baranda, ya hura rairayin a hankali. Sai ga ɗan ɗigo baƙi da ƙasa ta dunƙule a kansa. Tsintsiya ta kwashe sawu, amma ba ta iya kwashe mai ba. Ya matsa gaba ya sake hurawa, ga wani. Haka muka bi shi a layi, tsoho na rarrafe yana hura ƙasa, gari guda na biye da shi a kan yatsun ƙafa. Ɗigon bai nufi ƙofar fita ba. Ya zagaya bayan tankin ruwa ya tsaya a ƙofar Iya.

"Baba, don Allah a hankali," Tela ya raɗa. "Jininta."

Malam ya yi sallama ya ɗaga labule.

Iya na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, keke a gabanta, allurai a baki, tana juya hannun keken cikin nishaɗi. Gefenta ga riga ta kusa haɗuwa.

"Iya!" in ji Tela. "Ke ce? Wa ya ɗauko miki?"

Ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. "Wa zai ɗauko min? A kaina na ɗora shi. Yadin nan tun yaushe na ba ka? Kullum gobe, kullum gobe. Ni na koya maka ɗinkin, kuma da keken nan na ciyar da kai. Na ce bari in karɓi abina in ɗinka da kaina." Ta leƙa bayansa ta ga taron. "Lafiya? Har yanzu kunamar ce ba ku kashe ba?"

Da aka ba ta labari, kowa na jiran jini ya hau. Ya hau kuwa, amma a kan ɗanta ya sauka. Ta ce da an tambaye ta tun safe da ba a wahalar da ɗan mutane ba, sun mayar da ita kamar ƙwai, ba a faɗa mata komai sai an gama ɓarna. Na yi amfani da damar na ce mata atamfata ma tana wurinsa. Ta ce in karɓo in kawo mata gobe.

*

Malam ya je gaban Mai Aski ya cire hula, abin da ko ni ban cika gani ba.

"Ɗana, ni na ɗora maka bulon nan, ni na koya musu abin da za su tuna. Ka yafe min."

"Ya wuce, Baba," in ji shi.

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce maganar tashi babu ita, kuma ba Mai Aski ne zai mayar da kayan nan ba, waɗanda suka rantse sun gan shi su za su mayar. Nan take aka rufar wa kayan. Mai Shayi ya sungumi katifa, Nas ta ɗauki tukwane, Tela da matarsa suka kama gadon jariri. Murna ta cika gidan, kowa na son a ga hannunsa a ciki.

Suna shiga ɗakin gardama ta tashi.

"Gadon nan a jikin taga yake."

"Ina! Bayan ƙofa yake, na tuna sarai."

"Madubin fa a nan yake rataye, da idona na gani."

Mai Aski na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsu. Karon farko a ranar na ga ya yi murmushi.

"Ku yi haƙuri in yi tambaya. Tun da na tare a gidan nan, a cikinku wa ya taɓa shigowa ɗakina?"

Mai Shayi na rungume da katifa, ya rasa inda zai kai idonsa. Kunya ta kama mu duka, har ni da ba a gidan nake ba, don katanga ɗaya ce tsakaninmu kuma ban taɓa cewa da shi sannu da zuwa ba.

Alhaji ne ya fara motsi. Ya koma bakin ƙofa, ya fita waje, ya tsaya ya yi sallama da ƙarfi kamar baƙon da ya zo daga nesa.

Mai Aski ya amsa, idonsa ya kawo ruwa.

"To, mun zo yi maka barka da tarewa," in ji Alhaji. "Mun makara. Nuna mana inda kake son gadon yaron."